Jinjirin Ɗorawar Iya

Ranar kasuwar Ɗanbatta da ta wuce na ga wata mata ta kasa ɗorawa a faifai, ɗauri-ɗauri. Na tsaya na sayi ɗauri guda, na ɓare ɗaya nan take a tsaye, na manta shaf da cewa ni malamar makaranta ce, har da jikoki. Garin nan rawaya ya manne mini a ganɗa, ɗan zaƙinsa mai ɗaure harshe ya biyo baya. Na ce da matar, "Baiwar Allah, ta wane gari ce wannan?" Ta ce ita ma sarowa ta yi, daga can kudu mota ta kawo. Daga kudu fa! Ɗorawar da muka ci har ta gundure mu, muna jifan juna da kalwarta, ita ce yau sai an ɗoro ta a mota. Na dawo gida baki rawaya, rai a ɓace, ba abin da nake tunawa sai kakata da ɓarnar da na yi mata. Bari in ba ka labarin, mai karatu, ko na ɗan ji sanyi.

Ƙauyenmu yana arewa da Ɗanbatta, a irin ƙasar nan da ba ta san daji ba. Gona na jikin gona, tsakaninsu sai ɗan layin gamba, kana tsakar gidanku kana jin dakan matan ƙauyen gaba. Amma in ka hau katanga ka duba da damina sai ka rantse kurmi ne, don kowace gona da itatuwanta a tsaye, kuka da tsamiya, kanya da ɗinya, ga gawo, ga ɗorawa. Kuma a wajenmu mai gona daban, mai itace daban. Kana iya mallakar tsamiya a tsakiyar gonar wani, shi ya yi nomansa, kai ka zo ka kaɗe abinka, ba mai cewa uffan. Ta haka kakata ta wajen uba, wadda muke kira Iya, ta samu nata. Da mahaifinsu ya rasu aka zo rabo, ta ce a bar wa maza ƙasa, ita a ba ta ɗorawa ukun da uwarta take ɗiba. Biyu sun mutu kafin in yi wayo. Ɗaya na tarar, tana tsaye a gonar ɗan yayan Iya, wanda mu muke ce wa Baffa.

Sunan Iya aka sa mini, saboda haka ba ta kirana da komai sai Takwara. An ce tun ina goye ta gaya wa duk mai kunne cewa ɗorawar nan tawa ce in ta bar duniya. Na tashi ina jin maganar kamar yadda nake jin kiran salla, ban taɓa tsayawa na auna ta ba.

Bazara ce lokacin Iya. In zafi ya tsananta har ƙasa ba ta takuwa, ɗorawa ta gama zubar da jajayen furenta masu reto kamar tuntu, sai 'ya'yan su nuna su yi duhu. Da sassafe za ta tasa mu gaba, ita da doguwar gora mai ƙugiya, mu da kwanduna. A kaɗo, a tsince, a shanya, a daka, a tankaɗe gari gefe guda, kalwa gefe guda. Kalwar nan yini take a kan wuta cikin wata ƙatuwar tukunya, sannan a surfa, a wanke, a sake dafawa, a rufe ta da ganye a ɗaki har ta yi. Kai, warin ranar da ake buɗe ta! Baƙo ba ya iya zama a gidanmu, amma in daddawar ta shiga miyar kuka, shi ne mai neman ƙari. Ɓawon ma ba a zubarwa, shi ake jiƙawa a yi makubar daɓe. Da ɗorawar nan guda Iya ta yi wa gwaggonnina kayan ɗaki, kuma ba ta taɓa roƙon kowa gishiri ba.

Abu ɗaya ne ba a yi mata wasa da shi. Akwai wani reshe ta gabas da ba a taɓawa. Komai cikarsa sai a bar shi ya zube da kansa. In ka miƙa masa gora, ranƙwashi ne zai gaya maka ka yi kuskure. Tana cewa, "Wannan rabon ƙasa ne. Wanda ya cinye har da iri, da wa zai gaisa baɗi?" Kuma duk damina sai wasu sun tsiro a gindin. Sai dai Baffa, kamar mahaifinsa, ba ya son ƙarin inuwa a gonarsa, wai tana hana gero. Duk abin da ya leƙo, fartanya ce ke yi masa maraba. Iya ta yi roƙo shekara da shekaru, ana ce mata to, ana sharewa.

Ita kuwa Allah ya ba ta sanin itace tun yana ganye biyu. Jinjiri take ce musu. In ruwa ya sauka kwana goma, muna tafe a kan hanyar gona sai ka ga ta tsaya cak ta sunkuya a kan wani abu da ni ban ga bambancinsa da ciyawa ba. Ta ce wannan jinjirin kanya ne, wancan na tsamiya, wannan kuma banza ne, a nome shi. In a gonar babanmu ne, sai ta kifa masa tsohuwar tukunya mai fasasshen gindi, ta kewaye da ƙaya. Tukunyar nan ita ce shaida, duk mai noma ya gan ta ya san an yi masa iyaka. Maza su yi ta gunaguni a bayan idonta, amma ba mai iya ɗagawa. Kusan duk itacen da na sha inuwarsa a gonarmu, ta cikin tukunyar Iya ya fito. Ni dai a lokacin hankalina yana kan fara da ɗanyar gyaɗa, ban taɓa sunkuyawa tare da ita ba.

Daga nan aka kai ni makarantar kwana. A shekarata ta uku wata malamarmu ta ga ina son darasin tsirrai, ta ara mini wani littafi mai kauri, na itatuwan ƙasarmu. Kowane shafi da itace guda, an zana ganyensa da furensa da 'ya'yansa, an faɗi yadda ɓawonsa yake, ga sunansa na masana mai karya harshe, can baya kuma an jera sunayen da Hausa. Ba zan zagi littafin nan ba, wallahi na so shi, har yau ina son irinsa. A cikinsa na fara sanin akwai kawo da maɗobiya da doka, itatuwan da ban taɓa sa wa ido ba. Da na zo hutun rani na bi gonakin ƙauyenmu kaf, littafi a hammata, ina tsinkar ganye ina ɗorawa a kan zane. In ya dace sai in ji kamar ni na halicci itacen, astagfirullah. Na ishi kowa a gida da sunaye. Har kukar ƙofar gidanmu, wadda ta girmi kakan kakana, sai da na sanar da ita sunanta na gaskiya.

A lokacin yanar ido ta fara kama Iya. Na kai mata littafin don in burge ta. Ta kawo shi daf da hanci, ta juya, ta shafa, har ta shinshina. Na buɗe mata shafin ɗorawa ina bayani.

Ta ce, "Duk manya ne. Ina jinjirayen?"

Na ce ba a zana su ba, ai ba a bukata.

"Ikon Allah," in ji ta. "Ashe gari ne da ba a haihuwa." Ta miƙo mini abina. Na yi dariya, a raina ina cewa tsufa.

Shekarar da ta biyo, hutun ƙaramar Salla ya faɗo daidai farkon damina. Na tarar idon Iya ya rufe gaba ɗaya, ga ciwon ƙafa ya kwantar da ita. Na kuma tarar ɗorawar ta fara bushewa daga sama, kauci ya cinye rassa biyu, abin da aka samu a bazarar nan bai cika kwando uku ba. Kowa ya san ta kusa. Kuma kowa ya san in ta faɗi, shi ke nan, Iya ba ta da sauran komai a gonar ubanta. Ranar Salla Baffa ya zo gaisuwa, ɗaki cike da mutane, ta kama hannunsa ta ƙi saki. Ta roƙe shi a gaban kowa, don darajar zumunci, ya bar mata jinjiri ɗaya ya maye gurbin uwarsa. Kunya ta kama shi.

Ya ce, "Guda ɗaya, Goggo. Jibi zan shiga noma. Wanda na tarar da tukunya a kansa na bar miki, ke da wanda kika ba."

Babanmu ya ce shi zai je ya duba. Iya ta ce a'a, mai abu ita za ta zaɓi abinta. Washegari ta kira ni bakin gadonta, ta laluba ta riƙe mini wuyan hannu.

"Takwara, ki durƙusa sosai. Kada ganyen sama ya ruɗe ki. Ki fara sa yatsa ki tona gindin, za ki ga..."

"Haba Iya," na katse ta. "Ai duk yana cikin littafi."

Ta sassauta riƙon. Sannan ta ce, "To." Ta sake ni. Na yi shekara arba'in ina jin wannan "to" ɗin, kuma har yau ban gama jin ta ba.

An yi ruwa da asuba, ƙasa ta yi taushi tana ƙamshi, gero bai wuce idon sawu ba. Na isa gindin ɗorawar da tukunya a ka, littafi a cikin mayafi don kada ya jiƙe. Ta ɓangaren gabas na tarar da tsiro biyar masu ƙananan ganye jere-jere. Huɗu 'yan firit ne, sun ɗan yi ja-ja, kamar ba za su kai gobe ba. Na biyar ya fi su tsayi, kore shar, ya buɗe ganye yana ji da kansa. Na buɗe shafin, na kai shi kusa. Zanen ganyen babbar ɗorawa ne, kore, a buɗe, jere-jere. Me ya rage? Na ce ai ga shi nan, kuma shi ne ma mai lafiyar cikinsu. Ban durƙusa ba, don kada zanen Sallata ya ɓaci. Na kifa masa tukunya, na saro ƙayar magarya na jibga masa har ba a hango ciki. Sauran huɗun na bar su a fili.

Da na koma Iya ta ce, "Kin tona gindin?"

Na ce, "Na tona." Ƙarya na yi mata, ido cikin ido, ga shi ita ba ta ma gani.

Washegari Baffa ya yi nomansa, ni kuma hutu ya ƙare na koma makaranta. An ce duk daminar nan ba wanda zai shigo gaishe ta bai sha labari ba, wai takwararta mai ilimin boko ta tsayar mata da magajiya. In an yi ruwa mai ƙarfi sai ta ce yau jinjirina ya sha. In an kwana biyu ba a yi ba, ta hana kanta sukuni.

Na dawo bayan an gama girbi, an kwashe kara, an saki dabbobi. Ƙafarta ta ɗan yi sauƙi, ta ce lallai sai na kai ta ta ƙara masa ƙaya da hannunta kafin awaki su gano shi. Na riƙe kan sandarta ina gaba tana baya, muna tafe a hankali cikin kututturan dawa, tana ta ba ni labarin yadda zan riƙa dafa kalwa in na yi aure. Muka isa. Na janye busasshiyar ƙayar da na jibga, na leƙa. Ya girma, ya kai gwiwa. Kuma a gindin kowane ganye ga ƙaya fara, biyu-biyu, dogaye. Nan take na gane shi, har shafinsa na tuna. Bagaruwa ce. Akuya ta ci 'ya'yanta, taki ya zo gona a mangalar jaki, ta tsiro a inda ba wurinta ba. Ni kuma na kewaye ƙaya da ƙaya, shi ya sa ba wanda ya lura.

 Kafin in ankara ta durƙusa ta zura hannu tana murmushi. Na ga lokacin da ta soke ta. Ba ta yi ƙara ba. Ta janye hannun, ta sa yatsan a baki, ta daɗe a haka. Sannan ta shiga lalube ƙasa da tafukanta biyu, tana jan gwiwa, tana zagaya gindin ɗorawar ko akwai wani da fartanya ta tsallake. Babu komai sai busasshiyar ƙasa da kashin awaki. Ina tsaye ina kuka.

Da ta gaji ta ce in ɗaga ta. Ta dafa jikin tsohuwar ɗorawar ta huta.

"Bar kuka, Takwara. Mayar mata da ƙayarta, ita ma rai ce." Ta numfasa. "Ni dai uwata ta bar mini. Ke kuma na rasa abin da zan bar miki."

Da maganar ta je kunnen Baffa, ya ce ai shi tun ranar noma ya leƙa ya ga bagaruwa ce, ya ɗauka Goggo magani take so. Ko gaskiya ya faɗa, ko abin ne ya yi masa daidai, Allah masani, ya riga mu gidan gaskiya. Ya dai ce ba komai, baɗi a sake zaɓa. Ina! Bazarar da ta zo ɗorawar ko fure ɗaya ba ta yi ba. Hadarin farko na daminar ya raba ta biyu, aka faskare ta, aka kawo wa Iya kaso ɗaya na itacen girki. Ta hana a sa shi a murhu, yana jibge a bayan ɗakinta har ta rasu a shekara ta biyu.

Ba ta taɓa tayar mini da maganar ba, ko da wasa, ita da ba ta barin tsokana ta wuce ta. Da ma ta zage ni. Ni kuma kunya ta hana ni in je in ce, Iya, ƙarasa mini abin da kika fara faɗa. Ba na ɗorawa kaɗai ba, na duk sauran. Kullum ina cewa sai hutu mai zuwa. Da na sani ƙeya ce, in ji masu magana, kuma ni tawa ta yi nauyi.

To ka ji. Na yi karatu, na zama malamar aikin gona, yau shekara talatin da wani abu. Littattafan itatuwa ina da su har biyar, wani ma a cikin waya yake. Ka nuna mini ɓawo ko fure, in gaya maka suna da Hausa da na masana ban yi tuntuɓe ba. Kowace shekara nakan fita da ɗalibaina mu zaga gonaki da littafi, kuma kowace shekara tafiyar ƙara tsawo take. Sai mu yi rabin sa'a kafin mu samu kanya ɗaya, ita ma an sassare mata rassa an ba dabbobi. Ɗinya kuwa bara a hoto na nuna musu. Abin da ya fi tayar mini da hankali ba waɗanda aka sare ba ne. Duk wanda ya rage tsoho ne. Ka duba daga nan har inda idonka ya tsaya, ba za ka ga matashiyar ɗorawa ko matashiyar tsamiya ba, sai darbejiya da itacen turare a bakin titi. Garmar shanu ba ta sunkuyawa ta duba abin da ya tsiro, kuma ba wanda ke barin rabon ƙasa, tun 'ya'yan suna ɗanye ake kaɗe su don kada wani ya riga ka.

Kada ka ce ban gwada ba. Na jiƙa kalwa na shuka a leda a bayan aji, na ga yadda take fitowa, na gane abin da yatsana zai tarar da na tona a ranar, wato kalwar kanta tana nan maƙale a gindin tsiron. Na raba wa iyayen yara, suka karɓa da godiya. Ko ɗaya babu a tsaye. Wasu awaki, wasu garma, wasu ma ba su bar ledar ba. Ban ga laifinsu ba. Gonar Baffa da nake ba ka labari, yau mutum tara ke nomanta, kowa da ɗan zirinsa. Wa zai ba da rabin abincin 'ya'yansa ga inuwar da sai ya tsufa za ta ba shi daddawa? Bagaruwar ma tuni suka sare ta.

Farkon daminar bana wata ɗalibata, 'yar aji biyu, ta same ni a ofis lokacin hutun tara. Tana riƙe da gwangwanin madara, ta ciko shi da ƙasa, a tsakiya ga wani ɗan tsiro mai ganye huɗu. Ta ce a gonar babanta ta gan shi, gobe za a sa garma, shi ne ta tono shi don ta ga bai yi kama da ciyawa ba.

"Malama, wane itace ne?"

Na karɓa na juya shi ta ko'ina. Na ɗauko littattafaina duka biyar, har da na cikin waya, na bi su shafi-shafi tana tsaye tana jira. Yana iya zama kanya, yana iya zama taura, yana iya zama wani abin da ya rage shi kaɗai a ƙasar nan. Ban sani ba. Kuma na duba a raina daga farkon garin zuwa ƙarshensa, ban tuno mutum ɗaya da zan tura ta wurinsa ba.

Na ce, "Ki bari ya girma. In ya yi fure zan gaya miki."

Ta dubi gwangwanin, ta dube ni. "Malama, a ina zai girma?"

Na ce ta koma aji, alhali ko ƙararrawa ba a kaɗa ba.